Adireshin Injiniya Khamis a Saman Direban Asibiti

Idan Allah ya tashi yi wa gari gata, ba lallai sai ya ba shi rijiyar mai ba. Mu a Suleja Injiniya Khamis Almu ya ba mu, kuma mun gode. Wasu garuruwan nema suke ido rufe su samu wanda ya iya kwamfuta. Namu ya wuce nan. In ka saurare shi da kyau, za ka gane kwamfutar ce ma take ɗaukar darasi a wajensa.

Ba sai an nuna maka shi ba. In ka ga mutum a titin Maroko cikin zafin Maris sanye da kwat, katin shaida uku na reto a wuyansa, jakar laftof a goye, to shi ne. Da jakar nan yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa, don kada duniya ta buƙace shi ta same shi bai shirya ba. Shekara bakwai da suka wuce ya halarci wani taron kwana biyu a Legas, kuma har yau da wuya ya buɗe baki bai ce "lokacin da muke Legas" ba. Gilashin idonsa ba na magani ba ne, amma wallahi yana masa kyau.

Muƙaminsa Shugaban Sashen Fasaha a kamfanin Alhaji Dogara, wani ɗan kamfani a saman bene, bisa shagon masu tayil, da ke rubuta wa makarantu da ƙananan asibitoci manhaja. Sashen nan mai girma mutum biyu ne a cikinsa, har da shugaban. Shi kuwa Alhaji Dogara mutumin kirki ne, tsohon dilan siminti, wanda iyakar saninsa da kwamfuta shi ne in ta yi zafi a kashe ta. A wajensa, duk wanda ya fi zuba Turanci shi ne mai gaskiya.

Masu tayil na ƙasa Anawa suke kiran Injiniya. Dalili kuwa, duk ranar da wani hedimasta ya hau benen nan yana huci wai manhaja ta tsaya, amsa ɗaya suke jiyowa ta taga: "Ai a nawa yana yi." Sai ya buɗe laftof ɗinsa, ya danna, abu ya yi, ya juya wa mutum allon ya harɗe hannu. Mai ƙara ya sauko jiki a sanyaye yana zargin kansa.

Mutum na biyu a sashen ita ce Malama Mas'uda, matar aure mai 'ya'ya biyu da ke haya a Iku. Shekara shida ta yi tana rubuta manhaja a wani kamfani a Abuja. Ta fita yara na barci, ta sha layin mota, ta sha cunkoson Madalla da na Zuba, ta dawo yara na barci. Ranar da ƙaramar 'yarta ta kira maƙwabciyarsu Mama, ita kuma ta ce mata Anti, a ranar ta fara neman aiki a gida. Alhaji ya ɗauke ta gwajin wata uku. Watannin sun cika a makon da nake ba ku labari, kuma Alhaji ya faɗa a fili: in aikin asibitin Garam ya tashi ranar Alhamis, takardar tabbatar da ita a aiki za ta fito. In bai tashi ba, zai ji daga bakin shugaban sashe wa ya jawo. Kowa kuwa ya san shugaban sashe bai taɓa jawo komai ba.

Aikin ba wani dogo ba ne. Wani asibitin haihuwa mai zaman kansa a Garam ya sayi sabuwar babbar kwamfuta mai aiki da tsarin Linux don ajiye katunan marasa lafiya, su kuma kwamfutocin teburin karɓar kati masu Windows ne. Tsakanin manhajar asibitin da rumbun da katunan ke ciki akwai ɗan ƙaramin shiri da ake kira direba, shi ke kai tambaya ya dawo da amsa. Da hannu ake rubuta shi, sannan a ba kwamfuta ta haɗa shi ya zama abin da zai yi aiki. To a saman kowane fayil nasa akwai jerin wasu fayiloli da ake kira heda, waɗanda dole kwamfuta ta ɗauko kafin ta fara haɗawa, kamar yadda ake jera kayan miya kafin a ɗora tukunya. Windows da nata hedojin, Linux da nata. Abin da asibiti ke so shi ne direba ɗaya da zai haɗu a duka biyun.

Injiniya ne ya rubuta direban, ko in ce shi ya tsinto shi a intanet ya sa masa albarka. Talakan mai rubuta manhaja, in yana son heda, sunanta kawai yake ambata ya bar kwamfuta ta nemo. Injiniya ba talaka ba ne. Shi cikakken adireshi ya rubuta tun daga ƙofar laftof ɗinsa: a shiga faifan C, a buɗe foldar da ake kira Injiniya Khamis Almu, a wuce cikin Manyan Ayyukana, a nan za a tarar da ita. Haka ya yi a fayil goma sha ɗaya, kuma duk hedojin Windows ne. Wato direban nan bai san gidan kowa a duniya ba sai na ubangidansa.

Ranar Litinin aka kawo sabuwar kwamfutar asibitin zuwa ofis don gwaji. Mas'uda ta ba ta direban ta haɗa. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ta tsaya cak, ta fito da jan layi ɗaya, cewa ba ta sami fayil ɗin da aka aike ta ɗaukowa ba.

"Yallaɓai," in ji Mas'uda, "adireshin laftof ɗinka ne a sama. Wannan ko faifan C ba ta da shi, balle foldarka."

Injiniya ya zare gilashi, ya goge, ya mayar. "Malama Mas'uda, ai a nawa yana yi. Lokacin da muke Legas an yi mana bayani a kan irin wannan. Mashin ne bai kai matsayin aikin ba. Aikina intanashinal standad ne. Ba aiki ake saukowa da shi wajen mashin ba, mashin ake ɗagawa ya iso wajen aiki. Matsa ki ga yadda manya ke yi."

Ta matsa. Ya naɗe hannun kwat, ya buɗe wa sabuwar kwamfutar folda ya sa mata suna C, a cikinta ya buɗe wata ya sa mata sunansa, sannan ya kwaso hedojin Windows kaf a filasha ya juye mata. Ya danna. Jan layin nan guda ɗaya ya tafi, madalla. Guda ɗari huɗu da goma sha biyu suka zo a madadinsa, suna ta gudu a allo ba ƙaƙƙautawa.

Wani da ya ga haka sai gabansa ya faɗi. Injiniya murmushi ya yi. "Kin gani? Ɗazu kalma ɗaya take iya faɗa. Yanzu na buɗe mata baki." Ya ɗauki hoton allon ya ɗora a waya, ya rubuta a ƙasa: Ana aiki.

Bayan la'asar ya shiga mataki na biyu. Duk layin da kwamfuta ta yi kuka da shi, sai ya goge shi. Kafin a tashi aiki kuka ya ƙare ƙaf, direba ya haɗu lafiya lau. Sai dai ko katin wa ka tambaye shi, shiru yake maka, domin duk abin da zai kai saƙo an share shi. Injiniya ya ce wannan shi ake kira tsaron bayanai. Ya ɗauki jakarsa ya sauka, yana amsa gaisuwar masu tayil da yatsa ɗaya.

Talata da safe, kafin ya iso, Mas'uda ta dawo da direban yadda yake, ta zauna ta yi abin da ya kamata a yi tun farko. Ta cire dogon adireshin daga fayil goma sha ɗayan, ta bar sunayen hedojin kawai. Ta tattara jerin a wuri guda ta sa masa sharaɗi: in Windows ce ke haɗawa, ɗauko waɗannan, in Linux ce, ɗauko waɗancan. Akwai wasu hedoji biyu na Windows da ke rikici in an kira ta biyu kafin ta farko, ta gyara musu layi. Ta gwada a sabuwar kwamfuta, ya haɗu. Ta gwada a tsohuwar ta ofis mai Windows, ya haɗu. Ta tambayi katin gwaji, ya kawo. Daɗi ya kama ta har ta ce alhamdulillahi da ƙarfi ita kaɗai a ɗaki.

Wajen sha ɗaya Injiniya ya iso. Ta nuna masa. Ya jawo kujera, ya duba daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Kada ku zaci kuskure yake nema.

"Ina sunana?"

"Yallaɓai, ai sunan ne yake hana shi tafiya."

Tirƙashi! Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe tsaye, katunan wuyansa suna karo da juna. "Sunana ne yake hana shi tafiya? Sunan da aka kira a lasifika a Legas? Malama, abin da kika yi, a ƙasashen da suka ci gaba sunansa satar fasaha. Gobe in Turawa suka buɗe direban nan, ta yaya za su san daga ina ya fito? Adireshin nan shi ne sa hannuna, shi ne hatimina. Kowa zai iya sa abu ya yi aiki. Ba kowa ke iya sa abu ya yi daraja ba."

Ya wuce ofishin Alhaji ya rufo ƙofa. Minti arba'in ana jiyo Turanci. Da ya fito, Alhaji ya kira Mas'uda, ya ce mata cikin taushi, amma ba wasa a fuskarsa, "Malama, ki bi shugabanki. Ya ce kin taɓa abin da ba a sa ki ba, kuma shi ya jawo jinkiri. Ki goge naki. Ranar Alhamis ma gani."

Ta goge a gabansu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ta tsorata, don ta san in Alhamis ta watse a kanta za ta watse. Hanyar Zuba kawai take gani a idonta. Amma kafin a kira ta, ta riga ta kwafi aikinta a filasha, kamar yadda ta saba yi da kowane aiki. Filashar tana cikin jakarta, kusa da katin rigakafin 'yarta, kuma ba wanda ya tambaye ta ita.

Ranar Laraba sashen fasaha ya zama mutum ɗaya, domin shugaba ya tafi Abuja karɓar girma. Wata ƙungiya da ba wanda ya san inda ofishinta yake ta gano, a wani ɗakin taro na otal, cewa Injiniya ya cancanci digirin dakta na girmamawa. Shi da mutum sittin suka cancanta a ranar, har da wani mai gidan burodi. Ya dawo da azahar da hula mai tuntu da hotuna tamanin. Nan da nan aka shiga gyaran tarihi. Aka sauya allon ƙofa. Aka sauya sunan waya. Aka aika a sake buga katin wuya. Sannan, da yake shi mutum ne mai tsari da ba ya barin aiki rabi, ya buɗe laftof ɗinsa ya ga folda tana nan da tsohon suna, kamar ba ta ji labari ba. Ya gyara mata zama: Dakta Injiniya Khamis Almu. Ya kalle ta, ta yi masa kyau, ya rufe laftof bai gwada komai ba.

Shirinsa na Alhamis mai sauƙi ne. Zai haɗa direban a laftof ɗinsa a gaban kowa, a ga yana yi. Sannan ya sanar da asibiti cewa sabuwar kwamfutarsu ce ba ta da ƙwari, kuma da an gano haka da wuri ba don wata ma'aikaciya ta ɓata lokaci ba.

Alhamis da hantsi motar Alhaji ta sauke su a Garam, su uku da sabuwar kwamfutar. Aka haska allo a bangon ɗakin jira, don nan ne kaɗai ke da fili. Mata masu ciki sun cika benci suna jiran awo, kowace da fankar hannu. A gaba Sista Funmi ce tsaye, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran garin, kuma ba ta da lokacin dogon zance.

Dakta ya gyara murya. "Shugabar jinya, iyayenmu mata, 'yan uwa masu kishin ci gaba. Abin da za ku gani yanzu, a Afirka ta Yamma ba a fi mutum uku da za su iya shi ba, kuma biyun ba sa ƙasar. Ban zo don a yaba min ba. An riga an yi wannan jiya a Abuja. Na zo ne in nuna muku cewa ilimi ba ya ƙarya."

Ya ɗaga yatsa sama, ya bari kowa ya gan shi, ya sauke a kan maɓalli.

Jan layi ya fito a bango, ƙato, kowa na gani. Ba a sami fayil ba.

Ya sake dannawa. Jan layi. Ya kashe ya kunna, ya yi bisimilla, ya danna da yatsa biyu. Jan layi. Direba yana can yana neman foldar Injiniya, alhali tun jiya mai gidan ya sauya mata suna. Mas'uda tana ganin adireshin a bango ta gane. Shi kuwa mai sunan, ko a mafarki bai kawo cewa girman da ya samu zai iya ɓata wani abu ba.

"Dakta," in ji Sista Funmi, "lafiya?"

"Ai a nawa..." Ya tsaya. Ya dubi laftof ɗin. Nasa ne. Wata mai ciki a benci ta ƙyalƙyale da dariya har ta riƙe mara.

Gumi ya karyo masa a cikin kwat. Ya ce wutar janareta ce ba ta da tsabta. Aka ce wutar NEPA ce. Ya ce to ita ce ba ta da tsabta. Ya ce zafin ɗakin ya yi yawa, ya ce akwai waya a kusa da ke jan sigina, ya nemi matan su kashe wayoyinsu. Ba wadda ta motsa.

"Alhaji," in ji Sista Funmi, "abeg, don Allah, mata talatin ke jira na. In abin nan ba ya yi, ku kwashe kayanku mu koma katin takarda, mu nemi wasu."

Alhaji ya cire hula ya share goshi. Turanci dai ya ƙare, ga jan layi a bango. Ya waiwaya ya dubi Mas'uda, wadda ke tsaye a baya rungume da jakarta.

In ta fito da filashar, ta nuna ba ta bi umarni ba. In ta yi shiru, aikin ya tafi, ita ma ta tafi. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Wanda ka ce in goge, na goge na ofis. Amma akwai shi a nan."

"Wannan rashin ɗa'a ne!" in ji Dakta.

"Sa shi," in ji Alhaji.

Ta sa a sabuwar kwamfuta, ta danna. Layuka farare suka yi ta wucewa, suka tsaya, ba ja ko ɗaya. Ta zare ta je teburin karɓar kati, ta sa a mai Windows. Haka nan. Sista Funmi ba ta yarda da farin layi ba, ita aiki ta sani. Ta juya ga benci ta ce, "Maiturare, mene ne lambar katinki?" Matar ta faɗa. Aka buga. Sai ga katinta a allon tebur, da ranar awonta na baya da ta gaba. Sista ta gwada na mutum huɗu, duk suka fito. Ta ce wa Mas'uda, "Madam, Allah ya yi miki albarka. Me kika ƙara masa?"

"Ƙarin kaɗan ne, Sista. Yawanci cirewa na yi."

Kada ku ɗauka an gama da Dakta. Manya ba sa faɗuwa haka nan. Ya taka zuwa gaban bango, ya tafa hannu sau uku shi kaɗai. "Madalla! Abin da nake jira ke nan. Jama'a, abin da kuka gani jarrabawa ce na shirya. Shugaba na gari ba ya yin komai da kansa. Yakan ja baya da gangan, ya bar na ƙasa su nuna abin da ya koya musu. Wata uku ina renon baiwar Allah nan, kuma ina farin cikin sanar da ku cewa ta ci."

Sista dai ta riga ta fara kiran layi. Alhaji kuwa kunya ta ishe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa a gaban Mas'uda. Ya ce ba sai an koma Suleja ba. Takardar tana cikin wayarsa tun makon jiya, sa hannu kawai ta rage, a taimaka a buga masa ita yanzu. Aka tura wa firintar asibiti. Mas'uda ta tsaya a gabanta tana jiran takardar da za ta raba ta da hanyar Abuja.

Firinta ta yi shiru. Aka sake turawa, shiru.

Dakta ya matso da sauri, ransa ya dawo. "Kun gani? Irin abin da nake faɗa ke nan. Wannan matsala ce ta can cikin sistem, sai an kwance shi gaba ɗaya. Lokacin da muke Legas..."

Sista Funmi ta sunkuya ta leƙa bayan tebur. "Cajar wa ce wannan a soket ɗin firinta?"

Wayar da ke jikin cajar tana kan tebur, fuskarta na haske, da hoton wani mutum sanye da hula mai tuntu.

"Dakta, abeg, cire ka mayar mana da abinmu."

Ya durƙusa da kwat ɗinsa a gaban mata talatin, ya zare cajarsa, ya mayar da filogin firinta. Firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta miƙo wa Mas'uda. Alhaji ya karɓa, ya ɗora ta a gwiwa ya sa mata hannu. A duk aikin asibitin Garam, wannan ne gyara guda ɗaya da Dakta Injiniya Khamis Almu ya yi da hannunsa, kuma a faɗi gaskiya, ya yi.